Whot da lido a tsakar gida: yadda ake zaunar da yara da manya a tabarma ɗaya

Lokacin dogon hutu ne, gida cike da 'ya'yan 'yan'uwa, an ɗauke wuta tun la'asar, wayoyi duk sun mutu. Bayan isha'i aka kunna fitila mai caji, aka zaro tsohon kwalin katin Whot daga cikin durowa. Wasa ya yi nisa, sai ƙanena da ya zo daga Jos ya saki 2 a kan ɗana, wato katin da ke sa na gaba ya ɗebi kati biyu. Yaron ya yi wuf ya ɗora wata 2 a kai, ya dubi goggonsa da ke gefensa yana dariya, ya ce, "Goggo, ɗebi huɗu." Ƙanena ya ce, "A ina aka taɓa yin haka? Kai za ka ɗebi biyunka." Yaro ya ce, "Wallahi Baffa, haka muke yi a makaranta." Goggo kuwa, da yake ita abin zai faɗa wa, nan take ta goyi bayan Baffa. Aka tashi wasa, yaro na hawaye, kowa na ganin shi ke da gaskiya.

Kuma duk suna da gaskiya. Whot da lido ba su da doka guda da kowa ke bi. Kowace unguwa da tata, kowane ɗakin kwanan ɗalibai da tasa. Tun daga ranar na koyi cewa aikin farko na mai haɗa wasa a gida shi ne ya sa a yanke doka kafin a raba kati ko a kaɗa dayis. Sauran duk mai sauƙi ne.

Maganar da ya kamata a fara kawarwa

A ƙasar Hausa, da an ce karta sai tunani ya tafi ga caca, kuma ba a banza ba. Caca haramun ce da nassin Alƙur'ani a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Don haka dokar farko ba ta da sassauci: ba a sa kuɗi, ba a sa alewa, ba a sa katin waya, ba a cewa wanda aka ci shi zai sayo tsire. Yaron da ya saba cin ƙwallon alewa a kati yana da shekara takwas, ka riga ka nuna masa hanya.

Dayis kuma yana da tasa maganar. Akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya yi kakkausan hani ga wasan nardu, wanda da dayis ake yinsa, kuma malamai da yawa sun tafi a kan cewa hanin ya shafi wasan ko da babu kuɗi a ciki. Shi ya sa za ka tarar da gidajen da lido ba ya shiga ko kusa, wasu ma har kati. Idan gidanku haka yake, ko ka je baƙunta irin wannan gida, ka girmama su, ka tambayi malaminka abin da ya shige maka duhu. Dara tana nan, ba ta da dayis ba ta da kati. Inda kuwa ake yi, da an kira salla a kife kati, kowa ya tashi.

Abin da za ka tanada

Kwalin Whot ɗaya, allon lido ɗaya, dayis biyu da ɗan kofinsu, takarda da biro. Masu kayan wasan yara da masu sayar da littattafai a kasuwa duk suna da su. Allon lido iri biyu ne: na kwali mai naɗewa, wanda sau da yawa za ka ga an buga maciji da tsani a bayansa, da kuma na katako mai gilashi a sama. Mai gilashin ya fi daɗin kaɗa dayis, ya kuma fi daɗewa, amma idan akwai mai rarrafe a gidan, na kwali ya fi kwanciyar hankali. Wannan mai rarrafen ne kuma zai sa ka riƙa ƙirga 'ya'yan lido 16 da dayis ɗin duk lokacin da aka tashi, domin abin da ya ga dama shi yake kaiwa baki.

Ka duba dayis ɗin kafin ka biya. Na kirki, fuskoki biyu masu kallon juna ta baya suna haɗuwa su ba da 7: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Wanda ɗigonsa ya fara gogewa ko gefensa ya gutsure, bar shi, musu kawai zai jawo muku.

Ka san kwalin Whot tukuna

Wasan daga Ingila ya fito. Wani mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi, aka yi masa rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. A can ya ja baya, a Nijeriya kuwa ya samu gindin zama, har da dokokin da mu muka ƙara masa.

Cikakken kwali kati 54 ne, siffa biyar. Sunayen da ake kiransu a bakin tabarma su ne bol ga da'ira, angul ga mai kusurwa uku, kuros, kafet ga mai kusurwa huɗu, sai tauraro. Ba a raba su daidai ba, kuma nan ne sirrin wasan yake. Bol da angul kowanne kati 12 ne: 1, 2, 3, 4, 5, 7, 8, 10, 11, 12, 13, 14. Kuros da kafet kowanne 9: 1, 2, 3, 5, 7, 10, 11, 13, 14. Tauraro 7 kacal: 1, 2, 3, 4, 5, 7, 8. Sai katin Whot guda 5, masu lamba 20. Babu 6, babu 9 a kwalin gaba ɗaya, kada ka ce sun ɓata ne.

Ranar farko, kafin a yi wasa, ka baje katin a tabarma ka sa yara su ware su siffa-siffa, kowane jeri daga ƙarami zuwa babba. Minti goma ne, amma yaron da ya ga da idonsa cewa tauraro bai kai sauran yawa ba, ba zai manta ba.

Yadda ake yin hannu ɗaya

Mutum biyu zuwa shida suna iya zama, amma uku ko huɗu ya fi armashi. Mai rabo ya cakuɗa kati sosai, ya miƙa wa na kusa da shi ya yanka, sannan ya raba ɗai-ɗai a kife. Idan ku huɗu ne ko ƙasa, kati biyar-biyar ya yi. Idan kun fi haka, huɗu-huɗu, don kada kasuwa ta ƙare da wuri. Ragowar a ajiye a tsakiya a kife, ita ce kasuwa. A buɗe na samanta a ajiye a gefe, shi ne katin da za a fara bi.

A gidanmu ta dama muke zagayawa. Wasu ta hagu suke yi. Ba komai, a dai faɗa tun farko.

Idan layi ya zo kanka, ka ajiye kati ɗaya da ya dace da na ƙasa, ko ta siffa ko ta lamba. A ce kuros 7 ne a ƙasa: kana iya ɗora kowane kuros, ko kowane 7. Idan ka ɗora bol 7, wasa ya koma bol. Ba ka da ko ɗaya, ka je kasuwa, wato ka ɗauki kati ɗaya, layi ya wuce ka. Wanda ya fara ƙarar da katinsa shi ya ci.

Sai katunan hukunci, waɗanda su ne gishirin wasan. Lamba 1 ita ce hol'on: kowa ya dakata, wanda ya saka ya sake sakawa. Lamba 2, na gaba ya ɗebi biyu ya rasa layinsa. Lamba 5, ya ɗebi uku. Lamba 8 tana tsallake na gaba. Lamba 14 ita ce janar maket: kowa ya ɗauki ɗaya daga kasuwa ban da wanda ya saka. Whot kuwa tana hawa kan kowane kati, mai ita ya nemi siffar da yake so: "Ina neman kafet." Dole na gaba ya kawo kafet, ko wata Whot, ko ya tafi kasuwa.

Idan saura kati ɗaya a hannunka, sai ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji, "Las kad." Idan ka saki na ƙarshe, ka ce, "Cek." Wanda ya yi shiru aka kama shi, kasuwa ta kira shi.

Dokokin da ake yankewa kafin a raba

Ga inda nake so ka daɗe. Ka ɗauki biro ka rubuta amsar kowace a bayan murfin kwali, don ranar da baƙo ya zo da tasa.

Ana tare 2 da 2? Wannan ita ce ta tayar mana da wasa. In ana tarewa, hukunci yana taruwa ya wuce gaba: biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama shida. Da yake 2 guda biyar ce a kwali, mutum na iya kwasar goma a zama ɗaya. Manya suna jin daɗin haka. Yaro ɗan shekara bakwai da kati goma sha biyu a hannu kuwa, kuka ya kusa. Ni shawarata, in akwai ƙanana a yarda da tarewa, amma kada ta taru: wanda ya tare ya tsira, na gaba ya ɗebi biyu kawai.

Lamba 5 tana aiki? Gidaje da yawa sun sauke mata hukunci, ta zama kati kamar kowanne. Da yara, ni ma haka nake yi.

Whot tana tare hukunci? Wasu sun yarda, wasu sun ce a'a. Na fi son a'a, domin in ba haka ba mai Whot biyu ya zama sarkin da ba a taɓawa.

Ana gamawa da katin hukunci? A wasu wurare idan katinka na ƙarshe 1 ne ko 14, sai ka je kasuwa, tunda ana jiran ka ci gaba kuma ba ka da abin ci gaba. A wasu wuraren ka gama ke nan. Haka ma gamawa da Whot.

Bayan hol'on ko janar maket, me mutum zai ɗora? Wanda ya dace da siffa ko lamba, ko kowane kati? Ku faɗa.

In katin da aka buɗe na farko na hukunci ne fa? Mafi sauƙi a mayar da shi tsakiyar kasuwa a buɗe wani.

In kasuwa ta ƙare? Hanya biyu ce. Ko a bar katin sama, a cakuɗa sauran su zama sabuwar kasuwa, ko a tsaya a yi ƙirga. A ƙirga kowa ya haɗa lambobin hannunsa, tauraro ana ninka shi biyu, Whot tana cin 20. Mai ƙaramin jimla ya ci, ko mai babba ya fita a ci gaba da sauran. Ƙirgan yana koya wa yara lissafi ba tare da sun ankara ba, amma fitar da mutum yana barin yaro zaune yana kallo rabin awa. Gara a rubuta jimlar kowa a takarda, a yi hannu biyar, mai ƙarancin maki shi ne gwani.

Dabarar da ke raba gwani da ɗan koyo

Ka koma kan jerin nan na sama. Lambobi 1, 2, 3, 5 da 7 suna cikin siffa biyar duka. Lambobi 10, 11, 13 da 14 suna cikin huɗu. Lamba 4 da 8 uku-uku ne: bol, angul, tauraro. Lamba 12 kuwa biyu ce tak a kwalin, bol da angul. Ma'ana, 3 da 7 gada ce, da su kake sauya siffa lokacin da ka so, saboda haka a riƙe su. Ita 12 kaya ce, ga nauyin maki ga wuyar fita, da ka sami dama ka sauke ta.

Misali daga wani dare. 'Yata tana riƙe da angul 12, angul 3, kafet 3 da Whot, a ƙasa akwai angul 10. Hannunta ya tafi kan Whot, don yara suna ɗokin sakinta. Na ce, "Dakata, duba da kyau." Ta saki 12. Aka zagayo wasa yana nan a angul, ta saki angul 3. Yayanta ya sauya zuwa kuros, ta ɗora Whot ta ce, "Las kad, ina neman kafet." Yayan bai da kafet, ya tafi kasuwa, goggo ta kawo kafet 11, ita kuma ta ajiye 3 ɗinta ta ce cek. Da ta fara da Whot, da 12 ɗin nan ta kwana a hannunta.

Idan wani ya ce las kad kuma Whot na hannunka, ka tuna siffar da ta tura shi kasuwa a baya, ita za ka nema. In ba ka tuna ba, nemi tauraro, tunda 7 ne kawai, in dai kai ma ba za ka maƙale ba. Katin 2 kuma ba na ɓarnatarwa ba ne a farkon wasa. A ajiye shi sai na gaba da kai ya rage kati ɗaya ko biyu.

Ƙanana da ba su kai Whot ba

Ɗan shekara huɗu ko biyar ba zai iya riƙe dokoki bakwai a ka ba, amma kwalin nan yana da nasa rabon. Ka ware bol da angul. Tunda lambobinsu iri ɗaya ne, ka sami tagwaye 12, kati 24. A cakuɗa a jera a kife, layi huɗu na shida-shida. Kowa ya buɗe biyu: in lamba ta zo ɗaya ya kwashe ya sake, in ba ta zo ba ya mayar a inda suke. Ga ɗan ƙarami sosai, fara da 1 zuwa 5 na kowace siffa, kati 10. A wannan wasa ba sai ka yi wa yaro sassauci ba. Zai cinye ka da gaske, domin kai hankalinka na kan kuɗin makaranta, shi kuwa nasa na kan tabarma.

Idan ya kai shekara shida, a shigar da shi Whot da hukunci biyu kawai, 2 da 20, sauran a ƙara ɗaya-ɗaya a kwanaki masu zuwa. Hannu biyu na farko a yi su a buɗe, kowa katinsa a gabansa, ana bayani. Hannunsa ƙarami ne, kati biyar na zubewa, don haka a jingina masa su a bayan filo ko a cikin murfin kwali.

Abu ɗaya da na daina: yin kamar an ci ni. Yara suna ganewa, kuma cin ba ya yi musu daɗi. Gara a fito fili a ce babba kati bakwai, yaro huɗu, sannan kowa ya yi iya yinsa.

Lido

Asalinsa wasan pachisi ne na Indiya, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi a ƙarshen ƙarni na 19 suka sa masa suna Ludo. Launi huɗu ne, ja, kore, rawaya da shuɗi, kowanne da 'ya'ya huɗu. Hanyar da ke zagaye allon gida 52 ce, tsakanin mafitar wani launi da ta na gaba gida 13. Mutum huɗu kowa launi ɗaya, mutum biyu kowa launi biyu masu kallon juna.

A Turai dayis ɗaya ake kaɗawa, mu a nan biyu muka saba. Ɗa ba ya fita daga gida sai an sami 6, wato siki. Da ya fita, yana bin hanya yadda hannun agogo ke tafiya, ya zagayo har ya iso layin launinsa, ya shige ciki zuwa tsakiya. A layin nan ba mai taɓa shi. Shiga tsakiya sai da lambar da ta yi daidai. Kowane dayis ana iya ba wa ɗa daban, ko a haɗa su a ba ɗaya. Siki biyu a tare, ka taka su sannan ka sake kaɗawa. Idan ɗanka ya sauka daidai kan na abokin wasa, ka ci shi, ya koma gida ya sake jiran siki.

Dayis biyu yana rage zaman jira. Da ɗaya, damar samun siki 1 ce cikin 6. Da biyu, 11 ce cikin 36, kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk da haka akan sami yaron da za a zagaya sau bakwai bai fita ba. Maganinsa, kowa ya fara da ɗa ɗaya a waje.

Nan ma akwai abin yankewa tun farko. Babba a ciki: ɗan da ya ci wani, ya ci gaba da tafiya ne, ko shi ma ya gama aikinsa a cire shi a lissafa ya shiga? A Nijeriya na biyun ya yaɗu sosai, kuma yana sauya wasan baki ɗaya, domin ci ya zama gajeriyar hanya, farauta ta fi gudu riba. Sai kuma: 'ya'ya biyu masu launi ɗaya a gida ɗaya sun zama shinge, ko ana cin na sama? Mai ɗa ɗaya a waje dole ya taka jimlar dayis biyu, ko yana iya ci da ɗaya ya bar ɗaya? Dayis da ya faɗo ƙasa ko ya jingina da ɗa, a sake duka biyun ko shi kaɗai? Cin abokin wasa dole ne, ko mutum na iya kau da kai? Wannan ta ƙarshe ka sa ta zama dole, in ba haka ba za ka ga uwa tana tsallake autanta tana cin kishiyar wasa, rigima ta tashi.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai lido ya sani. A ce ɗan wani yana bayanka, kuma mai shi na iya raba dayis. Cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke iya faɗuwa, idan tazararku gida 1 ce, hanya 11 ce za ta ci ka. Tazarar 2, hanya 12. Haka take hawa ɗaya-ɗaya har tazarar 6, inda ta kai 16. Amma da ka matsa zuwa 7, sai ta faɗo zuwa 6. A 8 ta zama 5, a 10 ta zama 3, a 12 kuwa 1 ce tak. Dalili shi ne daga 7 zuwa sama dayis ɗaya ba ya isowa, sai jimla. Saboda haka mafi munin wurin tsayawa shi ne gida shida a gaban maƙiyi, kuma gara ka manne masa a gida ɗaya da ka tsaya a biyar. In za ka wuce shi, wuce shi da nisa. Kada kuma ka yi zango a bakin mafitar wanda ke da 'ya'ya a gida, siki ɗaya ya ishe shi.

Wani kuskuren ɗan koyo shi ne ya ɗauki ɗa ɗaya ya yi ta gudu da shi. 'Ya'ya biyu ko uku a waje suna ba ka zaɓi a kowace kaɗawa.

Maciji da tsani, wanda shi ma daga Indiya ya fito, ba ya buƙatar dogon bayani: gida 100, dayis ɗaya, tsani ya hau da kai, maciji ya sauko da kai. Babu dabara ko kaɗan, shi ya sa kaka da jika suke daidai a cikinsa. Abin lura kawai, layukan suna tafiya ne dama sannan hagu, yara kan juya baya a farkon sabon layi. Ka sa yaro ya ƙirga da baki yana taɓa kowane gida.

Kwaɗayi

Idan mutane sun yi yawa, ko saura minti goma a kwanta, ga wani da dayis ɗaya da takarda kawai. Turawa suna kiransa da sunan alade, mu a gida muka raɗa masa Kwaɗayi. Idan layinka ne, ka kaɗa, ka riƙe lambar a ka, ka sake kaɗawa ka ƙara, sau nawa ka ga dama. Duk lokacin da ka ce "na tsaya", a rubuta maka abin da ka tara. Amma in 1 ta fito kafin ka tsaya, duk abin da ka tara a wannan layin ya zube, dayis ya wuce gaba. Wanda ya fara kai 100 ya ci. Da ƙanana a tsaya a 50.

Yaushe ya kamata a tsaya? Fuskoki biyar masu kyau, 2 zuwa 6, idan ka haɗa su 20 ne. Fuska ɗaya kuma tana kwashe abin da ke hannunka. Muddin abin hannunka bai kai 20 ba, abin da kake sa ran samu ya fi abin da kake tsoron rasawa. Da ya haura 20, lissafi ya juya. Sai dai in wani ya kusa 100 kai kana baya, nan kam ba ka da abin tsoro, ci gaba da kaɗawa. Ban gaya wa yarana wannan ba sai da suka yi sati suna zubar da talatin-talatin. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa jin lissafin ba, a 15 take tsayawa kullum, ta ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ta fi kowa yawan ci.

Tashi

A faɗi adadin hannu tun kafin a fara, "hannu uku za mu yi", don wanda aka ci ba ya taɓa yarda a tashi. Rabo ya riƙa zagayawa har kan ƙarami, ko da zai zubar da rabin katin. Wanda ya ci shi ke tattarawa, ya ƙirga 54, ya ɗaure da roba, a sa dayis da 'ya'yan lido a gwangwani mai murfi a ɗora can sama. In kati ɗaya ya ɓata, kada ka yanko kwali ka zana madadinsa. Na gwada da tauraro 4, kwana biyu kowa a gidan ya san shi ta baya. Ka cire shi daga lissafi, ka rubuta a murfin cewa babu shi, a ƙarƙashin dokar tare 2 da 2.